Monitar da Na Adana a Ƙarƙashin Gado

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ranar da na wanke mai gyaran kwamfuta tas a gaban matan ƙungiyarmu, wannan kam ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

Ni ba da wuri na yi boko ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga nan na zarce har na koyi kwamfuta. Kun dai san wanda ya sami karatu da girmansa. Ko takardar ƙunshin ƙosai na tsinta sai na karanta ta da ƙarfi. Da mata masu sayar da nono a Rogo Ruma suka kafa ƙungiya, ni suka naɗa sakatariya (ba don haƙurina ba, don dai babu mai iya ja da ni).

Kwamfutar ofishinmu kyauta aka ba mu, sabuwa fil, da monitarta, wato allon da ke nuna hoto, a kwali. Ni kuwa ina da tsohuwar monitar da na koyi aiki a kanta, mai ƙaton ƙeya. Yadda aka rene mu, ba a taɓa sabon kwano sai tsohon ya huje, atamfa ma sai ta shekara a adaka. Don haka na sa aka jona tsohuwar. Sabuwar na naɗe ta da zani, na sanar da shugabarmu Inna Hajjo, na kai gida na tura ƙarƙashin gado kusa da kwanukan da nake tara wa autata. Shekara biyu tana can.

Sai aka aiko cewa za a yi wa shanu rigakafi, kuma duk wadda ba a shigar da sunanta da yawan shanun gidansu ba kafin Alhamis ta wuce, babu ita. Manhajar shigar da sunayen ta ce ba za ta buɗe ba sai an sabunta tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Na danna sabuntawa. Ta yi nisa, ta tsaya, ta fito da wani dogon rubutu. Na rufe shi na sake. Kwana uku ina wannan, ko sau ɗaya ban tsaya na karanta ba.

Ranar Laraba na kira Malam Sunusi, mai gyara daga Karaye. Mata sun cika ofis har waje, ƙwaryar kowacce a gefenta, wasu tun safe suka taso daga ruga. Ya gaisa da kowa, ya zauna, ya ɗan latsa nan da can.

"Hajiya, kwamfutar lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Monitar ce. Akwai 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, direba muke ce mata. Ta wannan ta tsufa, sabon tsarin ba ya karɓar ta, waɗanda suka ƙera ta kuma sun daina fitar da sabuwa. In na cire direbar, hoton zai dagule, ba za ki iya cike komai ba."

Nan fa na miƙe.

"Malam, dube ni da kyau. Ka ga na yi kama da wadda za a yi wa wayo? Monitar da take nuna komai tar, ita ce za ta hana aiki? In ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba, mu nemi wani. Ni ma na yi karatun nan!"

Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Bawan Allah bai ɗaga murya ba. Ya danna, rubutun nan ya sake fitowa, ya matsa gefe.

"To Hajiya, bismilla, karanta mana."

Na gyara gilashi na karanta da ƙarfi, yadda na saba, har na fassara wa mata. Sai da na kai tsakiya na ji bakina yana maimaita maganar Malam Sunusi tiryan-tiryan, har da lambar da ke rubuce a goshin monitata. Muryata ta yi ta raguwa har ta ɓace.

"Sai an nemo wata monitar daga Kano," ya ce. "Gaskiya kafin gobe da wuya. Abin mamaki ma, irin wannan kwamfutar da monitarta take zuwa."

Wata ta ce, "Shi ke nan, shanunmu sun rasa allura?"

Zan so in ce muku na manta da ta ƙarƙashin gado. Wallahi ban manta ba. Ina tsaye ina tunanin ai tsohuwar ba ta mutu ba, ya za a ɓare sabuwa?

Inna Hajjo, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta gyara zama.

"Sakatariya, wai wannan abin da kika adana da kwanukan auren yarinya, ba shi ake nema ba? Ko shi ma sai ranar biki?"

Dariyar da aka yi, har masu wucewa sai da suka leƙo. Ni da kaina na je na ɗauko ta a ka, na ratsa unguwa, zanin duk yanar gizo. Malam Sunusi ya cire tsohuwar direbar, ya jona sabuwar monita. Kafin la'asar kwamfuta ta sabunta, kafin azahar ɗin Alhamis na shigar da sunan kowa.

Na ba shi haƙuri a gaban matan da na ci masa mutunci. Ya ce, "Ba komai Hajiya, ai fassararki ta fi bayanina fita."

Yanzu duk rubutun da kwamfuta ta fito da shi sai na karanta har ƙarshe, a zuci, kafin in buɗe baki. Tsohuwar monitar kuwa, na naɗe ta da zanin nan na tura ƙarƙashin gado. Ai ba ta mutu ba.