Ƙugiyoyi Biyu na Maigidana

Me ya hana ni ajiye faifan gero in saurare shi, ko sau ɗaya? Har yau ban samu amsa ba, kuma wanda zan tambaya yana ƙasa.

Ba na jin zan manta da ranin da ya kwanta ciwo, Nasara na nan Filingue a lokacin. Maigidana ya yi rani bakwai yana tuƙin jirgin ruwa a Yamai, ya dawo da ƙugiyoyi biyu ƙasar da ko kogi babu. Ɗaya ta jawo jirgi bakin gaɓa, ɗaya ta cako babban kifi. Kowace da sunanta da Zabarmanci, sunayen kamar Hasana da Usaina. Kullum sai ya sauko da su ya yi mini bayani, ni kuwa in gyaɗa kai ina tsintar tsakuwa. (Kai mai rubuta labarin nan, rubuta haka, kada ka gyara ni.)

Ran nan igiya ta tsinke, wasakinmu, gugan fata ke nan, ya faɗa rijiya. Shi kaɗai gare mu a unguwar, ga maras lafiya na jiran ruwan jiƙa magani. Mata suka yi cirko-cirko. Sai na daki ƙirji.

"Ku matsa, a gidanmu akwai kayan aikin Yamai!"

Na ruga na cire ɗayar ƙugiyar, mai ƙyallin baki, daga sandarta ta gora, don na ga ta fi kyau a idon jama'a. Muka ɗaura mata igiya muka zura. Ta kama, na ja har da kirari. Wasakin ya fito kam, a tsage tun daga baki har gindi, ruwan na zuba kamar ta kwando. Ashe ta cakar kifi na ɗauko.

Tanti Gambi, wadda mijinta ya ɗinka shi, ta ɗaga ta leƙo ni ta cikin tsagar.

"Sannu, matar Sarkin Ruwa. Kin kashe kifin, saura miya."

Aka yi ta shewa. Ranar sai da na taka har rijiyar bayan kasuwa na roƙo rabin tulu, bai sha maganinsa ba sai la'asar. Ba na cewa shi ya kashe shi, ajali ne. Amma leɓunansa sun bushe, kuma na gani.

Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tun ranar ban ƙara gyaɗa kai ga abin da ban ji ba, sai dai karatun ya zo bayan malamin ya tashi, don washegari baki ya rufe. Ƙugiyoyin na nan a soke cikin danga, ban san wace ke da wane suna ba.

Abin da ya ce mini na ƙarshe, yana riƙe da bakin zanena:

"Bar kuka, ke dai. Gobe ki ɗauko su duka biyun, in sake nuna miki."