Dokar Sallama Biyu

A wani daji da ɓarayin ƙwai suka addaba, kowane gida sai da ya rataya ƙararrawa a bakin ƙofa. Busassun 'ya'yan kuka ne ake ɗaurawa da igiya, ana taɓawa su hau kacau-kacau. Matsalar ita ce iska ma tana taɓa su, fara ma haka. Ita kuwa Tabawa Zabuwa, baiwar Allah mai saurin firgita, tata ta fi ta kowa yawan kuka.

Ranar taron majalisa Ɓauna, shugaban 'yan sanda, ya miƙe yana huci. Ya ce, "Jama'a, yarana sun gaji. Mu kwaso gudu tun daga fadama, mu tarar da ƙadangare ne ya gifta. Kofatanmu sun ƙare a banza."

Kunya ta rufe Tabawa, don kowa ita ya waiga ya kalla.

Sai Malam Guza ya gyara murya. Dattijo ne mai taushin magana, ko tari zai yi sai ya nemi izini. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin tausayi ne. Shawarata ita ce a naɗa mai tantancewa. In ƙararrawa ta yi kuka, ya je ya yi sallama sau biyu a ƙofar gidan. In aka amsa daga ciki cewa lafiya, shi ke nan, kowa ya huta. In an yi shiru, sai a kira hukuma. Wa ya fi na cikin gida sanin halin da gida ke ciki?"

Wuri ya kaure da tafi. Tabawa har da tsalle, daɗi ya kama ta, ta ga kunyarta ta ƙare. Ita ce ma ta fara ɗaga fiffike. Nan take aka naɗa Bushiya, aka rataya masa ɗamara.

To, damina ta sauka, Tabawa ta cika gurbinta da ƙwai, saura ƙiris ta ƙyanƙyashe. Wata rana da azahar ta leƙa rafi shan ruwa, sai ta jiyo kacau-kacau. Ta san muryar ƙararrawarta. Da ta sheƙo gida, me za ta gani? Wata doguwar jela mai zane, kwance a ƙofarta, sauran jikin yana ciki.

Ba ta san lokacin da ta isa gaban Ɓauna ba. "Ranka ya daɗe, ɓarawo a gidana, ƙwaina ake sha yanzu-yanzu."

Ɓauna ya ci gaba da tuƙa. "An tantance?"

"Ni ce mai gidan. Da idona na gani."

"Baiwar Allah, doka ta ce daga ciki. Ke kuwa ga ki a waje. Da ke aka yi dokar nan."

Haka ta tasa Bushiya gaba, tana gudu tana dawowa, shi kuwa yana tafiya irin ta mai sabuwar ɗamara. Da suka iso ya tsallake jelar a hankali, har da cewa gafara, ya tsaya ya rangaɗa sallama. Shiru. Zuciyar Tabawa ta yi fari, ta ce yau gaskiyarta ta fito. Ya sake ta biyu.

Sai wata murya mai taushi ta fito, baki cike: "Wa alaikumus salam. Lafiya lau, iska ce."

"Alhamdu lillahi," in ji Bushiya, ya juya.

Tabawa ta fashe da kuka. "Yallaɓai, jelar fa? Ba ka ga jelar ba?"

"Na gani mana. Amma ba duba jela aka aiko ni ba."

Sai da la'asar ta iya shiga. Ɓawo ta tarar, an tara mata shi gefe guda tsaf. Ta zauna a kan gurbin kamar yadda ta saba. Baƙin cikin da ya fi cin ta shi ne tsallen nan da ta yi a majalisa.

A taro na gaba aka ja mata kunne kan tayar da hankalin hukuma. Ɓauna ya sanar cewa tunda aka kafa dokar, ba a tabbatar da sata ko ɗaya ba a faɗin dajin. Aka nemi Malam Guza ya miƙe a yi masa godiya, ya roƙi a bar shi a zaune, jikin ya yi nauyi.

A bana dai kofatan 'yan sanda sun yi kyau ƙwarai, zabi ne kawai Allah bai ba su haihuwa ba.