Ni da Kunun Kanwar Gwaggo

Ko me na manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da jegona na fari ba. Lokacin ban daɗe da gama makarantar 'yan mata a Kano ba, kaina cike da Turanci. Da na haihu aka kawo ni wanka gidanmu a Haɗeja, hannun Gwaggo Yalwa, yayar babana.

Na zo da agogo da wata takarda da Baturiyar asibiti ta ba ni, wai sai bayan awa huɗu-huɗu ake ba jariri nono. Ran suna Gwaggo ta miƙo mini kunun kanwa, na ture ƙwaryar a gaban mata. "Gwaggo, wannan ba ya cikin littafi, camfi ne." (Har gobe bakina ba shi da linzami.) Ta ce, "To, Malama," ta ɗauke abinta.

Sati biyu, yaro sai kuka, ni sai kallon agogo. In na matsa nono, ɗigo biyu uku. Kumatunsa suka fara zubewa. Tsoro ya kama ni, kada yunwa ta yi masa illa a hannuna. Amma in buɗe baki in ce a dama mini kunu? Ina!

Kullum kuwa sai Gwaggo ta dama, ta rufe da faifai a madafa, wai na maƙwabciya ne. Wata azahar na ga Gwaggo ta tayar da salla, na lallaɓa na tsuguna, na kafa kai a ƙwarya. Ko ludayi ban nema ba. Ashe surukata ta iso daga Auyo da ƙannenta biyu, sun nufo madafa za su ajiye busasshen kifi. Na ɗago, kunu har hanci.

Gwaggo ta leƙo da carbi a hannu. "A'a, Malama, an sa shi a littafin ne?"

Maimakon in yi shiru, sai na ɓarke da kuka: "Ɗana ne ba ya ƙoshi! Nonona ya ƙafe!" (Ɗan fari fa, wanda ko kallonsa bai kamata in yi a gaban mutane ba, kuma a gaban suruka!)

Ƙaramar ƙanwar ta riƙe haɓa. "Ku ji, wai ɗanta!" Surukata ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Da ta lafa ta ce, "Yarinya, rijiyar da ba a ja ai ita ke ƙafewa. Duk sanda ya motsa baki, ki ba shi." Gwaggo ta ƙara da cewa maƙwabciyar nan autarta ma ta yi aure, ba mai jego a gidanta, ni ita Gwaggon take ɗana wa tarko tun ran suna.

Kafin mako ya zagayo riga uku nake canzawa a yini saboda zubar nono, yaro ya yi ɓul-ɓul. Tun daga nan na koyi cewa in zan raina abin tsofaffi, in raina shi a zuci, don wata rana sai na sata.