Abin da Na Kamo a Ulu Langat

Sai da na haddace littafin kamun kifi da ƙugiya mai gashin tsuntsu kafin na kai iyalina wani ɗan rafi da rassa suka lulluɓe. Na yi wa 'yata Hanifa alkawarin kifi, uwarta kuwa ta sha lacca kan wurga zare.

Na wurga. Ƙugiyar ta zagayo ta baya, ta ɗauke hulata, ta dire ta tsakiyar ruwa.

Hanifa ta ƙanƙame ƙafata. "Baba ya kama, ƙato ne kuwa."

Na kasa ƙaryata ta. Na janyo hular a hankali, kamar yadda littafin ya tanada.

Har yau in na sa ta ranar Juma'a, uwargida takan tambaya, "Malam, soyawa za a yi ko farfesu?"