Farfesa Mabuɗi da Manhajar Teloli

Wanda bai san Farfesa Mabuɗi ba, bai taɓa kunna kwamfuta ba. Shi ya ba kansa farfesancin, don babu jami'ar da ta isa ta auna ƙwaƙwalwarsa. Shagonsa na gyaran kwamfuta bai fi banɗaki girma ba, amma daga kan kujerarsa mai ƙafa uku da bulo yake mulkin wani zaure na intanet mai mutum dubu biyu.

A zauren nan, duk manhajar da kamfani ya kulle da lasisi, Farfesa zai koya maka ɓalle ta kafin ka gama gaisuwa. Wata rana wani malamin makaranta ya tambaya cikin ladabi ko bai kamata a hana wannan ba, tunda masu manhajar ma gumi suka zubar.

Farfesa ya saki saƙon murya na minti goma sha bakwai. "Ilimi iska ne! Wa ya taɓa sa wa iska kwaɗo? Ni 'yanta talakawa nake yi!" Ya kori malamin daga zauren, ya tura wa kansa alamar tafi.

Ana nan sai basira ta motsa. Wata huɗu ya yi yana ƙera manhajar da teloli za su riƙa ajiye awon kwastomomi. Ya manna hotonsa a fuskarta, har da baƙin tabarau. Ya kulle ta da lasisi mai sharaɗi talatin da ɗaya, ya sa mata farashi.

Kwana biyu tsakani, ga ta a zaurensa, a ɓalle, duk mai so ya ɗiba.

"Ɓarayi! Marasa tsoron Allah!" Wannan karon minti arba'in ya yi. "Kun san gashin kan da na zubar? Daga yau, duk wanda ya ƙara zancen ɓalle lasisi a nan, sai lauyana!" Lauyan dai maƙwabcinsa ne mai buga takardu a bakin kotu.

Can sai wata tela, dattijuwa mai tausayi, ta aiko da murya, ƙarar kekenta na tashi a baya.

"Ayya, ɗana, kwantar da hankalinka, ba wanda ya ci haƙƙinka. Mu goma sha biyu muka sauke, duk mun goge. Ni dai na sa awon wuyan riga, ta ba ni na wando."