Awon da Ya Cinye Mini Rabin Gemu

Ko da zan tsufa har in dinga rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Isyaku ya zo maƙerarmu ba.

Maƙerar ta yayana ce, Yaya Sabi'u, a nan Gwarzo. Bakin garmar shanu muke ƙerawa da injin guduma mai aiki da lantarki. Idan ƙarfe ya yi jawur a wuta, sai a ɗora shi kan wani dunƙulen ƙarfe da muke kira uwa, guduma ta yi ta dukansa. Yau da gobe zafi da duka suna cinye fuskar uwar, tsakiyarta ta lotsa, garma ta dinga fitowa a karkace, manoman Getso da Lakwaya su dawo mana da ita suna faɗa. Aikina shi ne auna wannan cin. Nakan gicciya rular ƙarfe a kan uwar, in sunkuya har kuncina ya kusa taɓa ta, in leƙa hasken da ke wucewa ta ƙarƙashin rular. In hasken ya yi faɗi, uwa ta isa gyara. Da safe ake yi, kafin a hura wuta.

A lokacin ina neman auren Hadiza, 'yar Kabo. Ita ta tsegunta mini a waya cewa kawunta Isyaku zai zo ya ga sana'ata da idonsa, kuma duk abin da ya faɗa shi babanta zai bi. Ranar da zai zo, sai na tsaya a gida na sheƙa wanka, na sa farar shadda (zuwa maƙera fa!), na shafe gemuna da mai da turare har yana ƙyalli. Ashe an kawo wutar lantarki tun da sassafe, Yaya ya yi ta bugun garma har aka sake ɗaukewa, ni ban sani ba.

Ina isa, Kawu na sauka daga babur. Na durƙusa. "Baba, an zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen Kabo?" Yaya ya gaishe shi, ya fita nemo masa ruwa.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. "To kai wane aiki kake yi a nan? Na ga kayanka fari tas."

Nan kaina ya kumbura. "Baba, ai ni ne mai awo. In ban duba ba, ba a taɓa injin nan."

Na ɗauko rula na gicciya. Uwar baƙa ƙirin, ba alamar ja ko kaɗan. Na sunkuya. Hucin zafi ya doki fuskata, na ce a raina na murhu ne. Na ƙara yin ƙasa ina zuba bayani: "Baba, ka ga wannan ɗan hasken? To shi ne…"

Sai na ji wani ƙas-ƙas kusa da kunnena.

Kawu ya ɗaga hanci yana shinshinawa. "Akwai masu babbakar kan rago a layin nan ne?"

Daidai nan Yaya ya shigo. "Innalillahi! Ɗago! Gemunka!" Kafin in miƙe ya suri bokitin da muke tsoma ƙarfe ya kwara mini baƙin ruwan tun daga ka har ƙafa.

Na shafa haɓata. Gefen dama babu komai, sai toka ke bin yatsuna. Na daskare, shadda na ɗiga, bakina a buɗe. Kawu ma bakinsa a buɗe. Kuma wallahi abin da ya fito daga bakina shi ne: "Baba, uwar ta ci sosai. Tana son gyara."

"Allah ya kyauta," in ji Kawu. Ya hau babur, kafaɗunsa na rawa don danne dariya.

Na aske sauran gemun, na zauna a ɗaki na gama yanke ƙauna. Sai ga kiran Hadiza, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce Kawu ya gaya wa babanta a ba ni aurenta. Wai wanda fuskarsa ke ci da wuta amma yana zancen aiki ba zai bar iyali da yunwa ba. Sai dai ya ce kada a kuskura a bar ni ni kaɗai a kicin.

Tun daga ranar, kafin in kai fuskata kusa da kowane ƙarfe sai na yayyafa masa ruwa na saurara. Kuma in babban baƙo ya tambayi aikina, da baki kawai nake amsawa, daga nesa.