Hannun Babanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Babanmu ya naɗe hannun rigarsa ya ce in ɗebi jininsa ba.

Lokacin ina aji huɗu a jami'a a Samaru, ina karatun gwaje-gwajen asibiti, an tura mu asibitin Shika koyon aiki. A ajinmu ni ce gwanar cika baki. Na ɗebi jinin hannun roba, na ɗebi na ƙawayena, har na yi wa wata dariya ranar da allura ta faɗi daga hannunta (Allah Ya yafe mini, har kwaikwayonta na yi a hostel). A gida kuwa, a Muchia, Baba ya gama shelanta wa unguwa cewa 'yarsa likita ce. Na sha gaya masa ni ba likita ba ce, jini da fitsari nake dubawa. Sai ya ce, "To wa ke gaya wa likitan abin da zai ce?"

Gyaran keken ɗinki yake yi a kasuwar Sabon Gari. A shekarar ya fara ramewa, ƙafafunsa na kumbura, amma kullum amsarsa ɗaya ce: gajiya.

Ran nan ina ɗakin ɗibar jini, sanye da farar rigata ina ta iyayi, sai na hango shi a kan benci cikin layi. Ashe an turo shi gwajin ƙoda bai gaya mini ba. Da layi ya zo kansa, ya dubi Madam Saratu, wadda ke kula da mu, ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan tawa ce. A bar ta ta yi mini."

Madam ta tambaye ni, "Za ki iya?"

Na ce, "Sosai ma, Ma." (Bakin nan dai.)

Na ɗaure masa roba a damtse, na shafa auduga, sannan na dubi hannun da kyau. Hannun da ke ɗaga kan keken ɗinki kamar kwanon abinci ya koma fata da ƙashi, ga tabon allurai baƙi-baƙi, tsofaffi da sababbi. Wato ya daɗe yana yawon asibiti ba mu sani ba. Duk abin da aka koya mana a kan ciwon ƙoda ya taso mini a kai lokaci guda.

Na soka, ban sami jijiya ba. Na sake, babu. Baba ko motsi bai yi ba, cewa kawai ya yi, "A hankali, Uwata, ba sauri nake ba." Mutanen benci sun miƙo wuya suna kallon likitar Muchia. Na ji kunnuwana suna ƙara, bangon ɗakin ya soma juyawa.

Na farka a ƙasa, ɗankwalina a gefe, takalmina ɗaya a ƙarƙashin tebur, an ɗora ƙafafuna kan kujera. Wadda na yi wa dariya ita ce ke riƙe da kaina. Baba na durƙushe yana yi mini fifita da hularsa, robar na nan ɗaure a hannunsa, yana yi wa jama'a bayani: "Ba ta karya ba ne. Yaran yanzu ba sa cin abinci. Amma ta iya aikinta."

Ni kuwa na san ƙosai da kunu na cika cikina da su da safen.

Madam Saratu ce ta ɗebi jinin. Da za mu fita ya ce kada in gaya wa Mama na suma, shi ma ba zai gaya mata ba, in dai na rufa masa asirin tabon nan. Na yarda a bakin ƙofa, na karya alkawarin a ranar.

Bai ga kammala karatuna ba. A zaman makoki wani abokinsa na kasuwa ya ce mini, "Ke ce likitar? Ya ce hannunki ba zafi, ko jin allurarki bai yi ba."

Yanzu ni ake turo wa ɗalibai. Idan na ga mai cika baki irina, ba na yi mata faɗa. Ina dai gaya mata, duk ranar da ta hango nata uban a kan benci, ta miƙa wa wani sirinjin, ta je ta riƙe masa ɗaya hannun.